Litinin ɗin da ta biyo bayan wasan Abidjan

Daren Lahadi, 11 ga Fabrairu 2024, Kwaddibuwa ta doke Najeriya ta ɗauke Kofin Afirka na ƙwallon ƙafa a gaban idonmu. Troost-Ekong ya fara ci mana da ka, Kessie ya farke, Haller ya ƙarasa mu, 2-1. Washegari na shiga aji biyu na ƙaramar sakandaren da nake koyarwa a Gusau, na tarar ba mai tunanin darasi. Kowa ɗan wasanmu Alex Iwobi yake tsine wa.

Wani yaro ya miƙe ya ce, "Malam, wallahi sayar da mu ya yi, na gani a wayar yayana." Bidiyo ne a TikTok, Iwobi na mayar da ƙwallo baya, an ɗora masa sautin dariya.

Da can tsawa zan daka in ce a buɗe littafi. Ranar sai na ɗauki alli na rubuta 90 a allo, wato mintunan wasan, na tambaye shi tsawon bidiyon. Ya ce bai kai rabin minti ba. To sauran wasan fa, ina aka kai shi? Wa ya yanko wannan gutsuren, kuma me yake samu idan mun fusata? Na bayyana musu cewa manhajar ba ruwanta da gaskiya ko ƙarya: abin da aka fi tsayawa a kansa, aka fi yi wa sharhi, shi take ƙara tura wa mutane, zagi kuwa ya fi yabo jan jama'a. Na tuna musu filin kokawa, inda wanda aka kayar yake tashi ya kakkaɓe ƙura, ba mai bin sa gida da ashar.

Ina cikin jin kaina, sai wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu.

"Malam, ai kai ma ka sa shi a WhatsApp jiya da dare. Babana ya nuna mana."

Gaskiya ta faɗa. Na sa shi, har da ƙarin magana tawa da ba ta maimaituwa a aji. Na rasa bakin magana, na dai ciro wayar na goge a gabansu.

A makon ne Iwobi ya share hotunansa na Instagram saboda zagin, Ahmed Musa ya fito yana roƙon a ƙyale shi. Tun daga lokacin, kowace Juma'a muna ɗaukar bidiyo ɗaya mu yi masa waɗancan tambayoyi. Yarinyar ce ke zaɓowa, kuma sau biyu ke nan tana kawo abin da wani malami a makarantar ya tura.