Warin fetur ɗin akori-kurata, yau dai na kama shi

Salam 'yan uwa masu koyo. Alhamdulillahi yau na je Gujungu na dawo da cikakken tanki kuma ko ɗigon wari babu a gidan gaba, wallahi daɗin da na ji sai wanda ya sha wannan wahalar zai gane. Sati biyar ina fama da abin nan.

Motar dai ita ce Peugeot 504 ɗin nan da na karɓa a hannun kawuna, irin haɗin Kaduna, mai kafireta, wato na'urar da ke haɗa fetur da iska kafin su shiga inji. Tun ranar farko nake jin warin amma na ce ai tsohuwar mota ce, sai ranar da na ɗauko Baba daga Ringim ya ce min "kai tsaya in sauka, kaina juyawa yake", na ga idonsa ya yi ja, to daga nan na san ba abin da za a bari ba ne.

Na fara da inda kowa zai fara. Tiyon da ya taso daga famfon mai zuwa kafireta ya tsattsage a baki, na canza shi da kilif sababbi. Na buɗe kafiretar na wanke, allurar fulot, wadda ke tsayar da mai in kafireta ta cika, ta ɗan ci, na sake ta. Na zaro sandar auna baƙin mai na sansana ko famfo na zubar da fetur cikin inji, lafiya lau. Na fitar da jarkar da nake ajiyewa bayan kujera, na wanke shimfiɗar ƙasa da omo na shanya kwana biyu. Wari ya ragu na kwana uku, na ɗauka an gama.

Ranar Lahadi na sha mai na cika tanki, ban yi kilomita biyar a kan burji ba ya dawo, har ya fi da. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne in na sauke gilas don in sha iska sai warin ya ƙaru, in na rufe sai ya lafa. Na buɗe bonet a bakin hanya inji na aiki, na bi ko'ina da hanci da ɗan yatsa, a bushe ƙamas. Na leƙa ƙasa ba ɗigo ko ɗaya. Raina ya ɓaci sosai ranar, don a lokacin na riga na kashe wajen dubu 18 a kafireta da tiyo, har da kuɗin motar zuwa kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano, ga shi kuma tun da aka cire tallafi a 2023 duk litar da ta tsiyaye a jikinka kake jin ta.

Sai na fara rubutawa a bayan littafin lissafina, ranar da na sha mai, lita nawa, hanyar da na bi, akwai wari ko babu. Cikin kwana goma abu ya fito fili. In mai ya yi ƙasa da rabi babu komai ko da a kan gargada ne. In ya kusa cika kuma na shiga ramuka ko na sha kwana da ɗan gudu, nan take. A kan kwalta shiru. Kenan ba a inji matsalar take ba, a saman tanki take, inda mai ba ya kaiwa sai ya yi tambal-tambal.

Ogana da nake zuwa garejinsa ranar Asabar ya ce kar in wanke komai, in bar ƙurar hunturun nan a kai ita za ta nuna min. Na cire kan batir, na zuƙe man a jarkoki, muka sauke tankin ni da ƙanena a ƙarƙashin darbejiya, nesa da madafi. Ai kuwa saman tankin duk ƙura ce ja, amma zagayen inda na'urar geji mai auna yawan mai take zaune ƙurar ta zama baƙa ta dunƙule kamar an ɗiga mata man gyaɗa, ga wata siririyar hanya ta gangara gefe ta tsaya. Fetur ɗin yana bushewa kafin ya kai ƙasa, shi ya sa ban taɓa ganin ɗigo ba. Gaskit ɗin da ke ƙarƙashinta, wato abin da ke hana mai yoyo a wajen, da na ɗaga sai ya karye gida uku a hannuna kamar busasshen ganye. Ƙaramin tiyon numfashi na kusa da wuyan tanki shi ma ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani.

A nan na yi kuskuren da ya ja min kwana huɗu. Ban samu gaskit ba sai na yanka daga tsohon tub na taya, ya zauna daram, na mayar da tanki. Robar tub ba ta jure fetur, kumbura take ta yi laushi, kwana uku ta tuttulo ta gefe wari ya dawo. Sauke tanki karo na biyu ya fi na farko ciwo wallahi. Wannan karon na koma Kano na nemo na ainihi, wani ya so ya haɗa ni da tiyon ruwa ya ce duk ɗaya ne, na ƙi, don Allah ku ma ku duba rubutun jikin tiyo ku tabbatar na mai ne. Nocin kuma a ɗaure su a hankali, wannan sannan na daura da shi, in ka matse ɗaya gaba ɗaya gaskit ɗin zai karkace.

Maganar gilas kuwa sai da na ɗaga shimfiɗar bayan kujera na gane. Tsatsa ta ci ƙasan wajen, rami biyu, ɗaya babban yatsana na shiga, ga robar da wayoyi ke bi ta fice. In ka sauke gilas kana tafiya iska tana ja daga cikin gidan gaba zuwa waje, sai ta zuƙo ta ƙarƙashin mota ta ramukan nan, da warin da komai. Na ƙi yarda a kawo walda kusa da tanki, na yanka falankin ƙarfe na dafe da ribit na bi gefen da gam.

Saura wuyan tankin, akwai ɗan danshi-danshi a inda ya haɗu da jiki, na goga masa sabulu ya riƙe zuwa yanzu amma na san na wucin gadi ne. Wanda ya taɓa like irin wannan wajen ba tare da wuta ba ya faɗa min da me ya yi, don ranar Alhamis ina da lodin awaki zuwa Maigatari kuma da cikakken tanki zan tashi.