Kayan gasa kek na Ingila da na Amurka: abin da na gano a kan teburin kwaɓi

A Disambar da na fara gasa kek da biskit na ƙarshen shekara, resifi biyar na tara, uku na Ingila, biyu na Amurka, duka da Turanci. Na ɗauka tunda harshe ɗaya ne, kayan ma ɗaya ne. Kwaɓi biyu suka lalace kafin in gane cewa kalma guda tana iya nufin abu biyu dabam. Matsalar ta fi damun mu a nan, domin sunayen da ke jikin kwalaye a shagunanmu galibi na Ingila ne, yawancin bidiyon girki da muke kallo kuwa na Amurkawa ne. Yanzu kafin in fasa ƙwai ko ɗaya sai na duba daga ina resifin ya fito. Idan na ga giram da ma'aunin zafi na Celsius, na Ingila ne. Idan kofi ne da Fahrenheit da “stick” na bota, to daga Amurka yake.

Fulawa ce ta fi cin lokacina. Wadda Ingila ke kira plain flour ita ce ’yar'uwar all-purpose flour ta Amurka, amma ba tagwaye ba ne. Ta Amurka ta fi ƙarfi, furotin ɗinta yakan kai kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, ta Ingila kuma takan yi ƙasa da haka kaɗan. Furotin ɗin nan shi ke sa kwaɓi danƙo, don haka idan kika yi kek na Ingila da fulawa mai ƙarfi kuma kika daɗe kina juyawa, zai fito da tauri, yana jan haƙori kamar burodi. Abin da nake yi shi ne in cire cokali biyu na cin abinci daga kowane kofin fulawa, in mayar da sitacin masara a gurbinsu, in tankaɗe su tare sau biyu, kuma da zarar fulawar ta ɓace cikin kwaɓin in ajiye muciya.

Fulawa mai tashi da kanta ita ma iri biyu ce. Self-raising ta Ingila fulawa ce da bakin hoda (baking powder) kawai. Self-rising ta Amurka har da gishiri a cikinta, wajen kwatan ƙaramin cokali a kowane kofi. Wanda ya yi amfani da ta Amurka a kek ɗin Victoria, wato kek ɗin Ingila mai hawa biyu da jam a tsakiya, ga kuma bota mai gishiri, zai ji kek ɗin yana neman zama abin ci da miya. Na fi so in haɗa tawa: ƙaramin cokali 2 na bakin hoda a kowane giram 150 na fulawa. Kek ɗin Victoria na ƙwai huɗu yana cin giram 225 na fulawa, da bota da sukari kowanne giram 225, bakin hoda kuwa cokali 3 ke nan.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici a kan cornflour ne. Resifin shortbread, biskit ɗin bota na Skotland, ya ce a maye gurbin wani ɓangare na fulawar da cornflour don biskit ɗin ya yi ɓurɓushi a baki. Na zuba garin masara mai laushi, mai ɗan launin ɗorawa, wanda a jikin ledarsa aka rubuta corn flour. Kwaɓin ya ƙi haɗuwa, yana farfashewa a ƙarƙashin muciyar murji, da ya gasu kuma sai ƙasa-ƙasa yake yi a haƙori, ga warin tuwo. A Ingila cornflour sitaci ne zalla, fari fat, wanda idan kika murza shi tsakanin yatsu za ki ji yana ƙara. Amurkawa cornstarch suke ce masa, corn flour ɗinsu kuma niƙaƙƙiyar masara ce gaba ɗayanta. Yatsa da ido sun isa su raba miki su tun a shago.

Kan ma'auni, shawarata ɗaya ce: ki sayi sikeli na kicin. Kofin Amurka mililita 237 ne, kuma kofin fulawa ɗaya giram 120 zuwa 125 ne idan an zuba da cokali an share bakinsa da wuƙa. Idan kika nutsa kofin cikin buhu kika danna, zai wuce haka nesa, kek ya bushe. Sanda ɗaya ta bota giram 113 ce, wato rabin kofi. Pint, wato ma'aunin ruwa, na Amurka mililita 473 ne, na Ingila 568, banbancin da ya isa ya tsinke kastad. Ƙwai ma haka: babban ƙwan Amurka wajen giram 57 ne da ɓawonsa, wanda a Ingila matsakaici ne, domin babban nasu yana farawa daga giram 63. Ƙwan kajin gida bai kai ko ɗaya ba, sai a auna.

Caster sugar na Ingila sukari ne mai ƙananan ƙwayoyi, Amurkawa superfine suke kiransa. Shi ke narkewa da wuri idan ana buga shi da bota. Sukarin da muke saye a mudu ƙwayarsa manya ce, shi ya sa wani lokaci saman kek ke fitowa da ɗigo-ɗigo. Ina zuba shi a blenda na ’yan daƙiƙu, in tsaya kafin ya zama gari. Icing sugar da powdered sugar abu ɗaya ne, babu damuwa a nan. Bicarbonate of soda ma shi ne baking soda, amma kada a musanya shi da bakin hoda: ya ninka ta ƙarfi wajen sau uku, kuma sai da abu mai tsami yake aiki, in ba haka ba kek ya yi ɗanɗanon sabulu. Abin tsamin da Amurkawa suka fi so shi ne buttermilk, wato madara mai tsami. Nono mai ruwa-ruwa yana yin aikin, ko kuma madara kofi ɗaya da babban cokali ɗaya na ruwan lemon tsami, a bar su minti goma.

Biskit ɗin citta na Kirsimeti ya nuna mini banbancin ruwan zaƙi. Ingila golden syrup take sawa, na rake ne, mai launin zuma, kamfanin Lyle ya shahara da shi. Amurka molasses take sawa, baƙi ne mai ɗan ɗaci da tsami, kusa da black treacle na Ingila. Corn syrup, ruwan zaƙin masara na Amurka, ba shi da ɗanɗanon ko ɗaya daga cikinsu. Zuma tana iya tsayawa a madadin golden syrup, sai dai ta fi saurin ƙonewa, a rage wuta kaɗan. Kayan ƙamshi kuwa suna kusa: mixed spice na Ingila da pumpkin pie spice na Amurka duk kirfa ce kan gaba, da citta da kanumfari da gyaɗar ƙamshi.

Kirim ɗin madara ma ya bambanta: double cream na Ingila kashi 48 na kitse gare shi, heavy cream na Amurka daga kashi 36 yake farawa. Na Ingila yana kauri cikin ƙanƙanin lokaci, ɗan sakaci kaɗan ya fara rabuwa ya koma man shanu. Single cream kuma ko a kwana ana bugawa ba zai tashi ba.

Fai ɗin kabewa, wato haɗin kabewa da ake gasawa cikin ɓawon fulawa a Thanksgiving, bikin godiya na Amurkawa, yana da tarko biyu. “Gwangwani ɗaya” na kabewa giram 425 ne na markaɗaɗɗiya mai kauri. Kabewarmu ruwa gare ta, don haka gasa ta nake yi maimakon dafawa, in markaɗa, in ɗaure a tsumma mai tsabta ta tsane. Gwangwanin madarar ruwa da suke nufi kuma mililita 354 ne, ƙaramin namu bai kai rabinsa ba.

Akwai abin da ba na wasa da shi a girke-girken Ingila na lokacin Kirsimeti. Mincemeat, haɗin da ake cusawa cikin ƙananan fai, na yau ba nama a ciki, zabibi ne da tuffa da kayan ƙamshi, amma akwai suet, wato kitsen ƙodar sa ko rago, kuma sau da yawa akwai barasa. Kek ɗin Kirsimeti ma barasa ake ɗiɗɗiga masa makonni. Ina jiƙa zabibina a ruwan lemo ko baƙin shayi kwana ɗaya, in goga daskararriyar bota a madadin kitsen, sai dai kek ɗin ba zai yi dogon zama ba, firiji yake so. Vanilla extract, wato ruwan banila, na Amurka a doka sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 na barasa, wanda ke gudun haka ya nemi garin banila ko wadda aka rubuta ba barasa.

Wuta kuma, 350 na Fahrenheit shi ne 180 na Celsius, lamba 4 a tanderun gas na Ingila. Idan tanderunki mai fanka ne, ki rage 20, ki sa 160. Kek ɗin Victoria a gwangwani biyu masu faɗin santimita 20 yana ɗaukar minti 20 zuwa 25, kuma kada a buɗe ƙofa kafin minti 20 su cika, tsakiyarsa lotsawa take yi.