Cincin ɗin Inna da kwalaben ƙamshi

Tun ina yarinya a Tawa, idan ƙaramar salla ta rage kwana uku gidanmu yakan koma wurin suyar cincin da dubulan, kuma awon Inna bai taɓa canzawa ba: fulawa kilo ɗaya, sukari kofi ɗaya, man shanu ludayi ɗaya, ƙwai uku, madara, da gyaɗar ƙamshi wadda take gogawa da hannunta. Da aure ya kawo ni Yamai, sai na tarar da ƙananan kwalaben da ake kira arom jere a teburan Babbar Kasuwa, akwai na vani, na ayaba, na kwakwa, na lemu da na almon, har raina ya raya mini cewa da su zan ƙawata abin da na gada.

A sallar farko na tsiyaya babban cokali biyu na arom ɗin ayaba a kan kwaɓin da na riga na gama murzawa. Da rana na yi aikin, ina ɗauke da azumi, saboda haka ban ɗanɗana ba sai da aka kira magariba, lokacin da na riga na soya kilo uku. Gida ya cika da ƙamshi, amma cincin ɗin yana barin wani ɗaci a bayan harshe irin na maganin tari, sannan man suyar ya kama warin, ban iya soya dubulan da shi ba. Da Inna ta karya guda cikin wanda na aika mata, sai ta kira ni ta ce, "Ɗiyata, kin yi ƙoƙari, amma ban ji man shanun ba, ban kuma ji hannunmu a ciki ba." Maganar ta tsaya mini a rai ƙwarai, domin gaskiya ta faɗa.

Daga nan na daina yin babban kwaɓi kai tsaye. Yanzu tun azumi yana ashirin nake kwaɓa fulawa kofi ɗaya bayan an sha ruwa, in raba ta uku, in ɗiga wa kowane kaso awo daban, in soya, in bar shi ya kwana a rufe, domin ɗanɗanon cincin mai zafi ba shi ne na wanda ya huce ba. Ta wannan hanya na gano cewa ƙaramin cokali ɗaya, wato mililita 5, na vani ya ishi kilo guda, na kwakwa rabin cokali, na almon kuwa rubu'in cokali ma yana da yawa idan akwai gyaɗar ƙamshi a ciki. Na ayaba na ajiye shi gaba ɗaya.

Lokacin zubawa shi ne abin da ya fi ɗaukar mini hankali. Ƙamshin da ke cikin waɗannan kwalabe yana tashi da zafi, maiƙo ne yake riƙe shi, shi ya sa wanda aka zuba a ƙarshe yake ƙarewa a cikin iska da man suya, ko ya taru wuri ɗaya ya yi ɗaci. Idan na buga man shanu da sukari suka yi laushi, a nan nake ɗiga arom, sannan ƙwai, sannan fulawa. Bambancin ya fi fitowa a biskit ɗin da nake gasawa a zafin digiri 180, wanda har bayan mako guda idan aka buɗe robar ƙamshin yana nan, a hankali, ba ya bugun hanci.

Akwai kuma batun barasa, wanda ban san da shi ba sai da wata maƙwabciyata ta juya kwalba ta nuna mini rubutun bayanta. Ainihin ruwan vani ana tatso shi ne ta hanyar jiƙa ƴaƴan tsiron a cikin barasa, har dokar Amurka ta ce wanda za a kira tsantsa sai ya ƙunshi barasa aƙalla kashi 35 cikin ɗari. Asalin tsiron daga Meksiko yake, Madagaska ce ta fi noma shi a yau, kuma tsadarsa ta sa yawancin abin da muke saye sinadarin vanilin ne da aka haɗa a masana'anta. Ni dai na fi samun natsuwa da sukarin vani na ƙaramar takarda, ko kwalbar da aka rubuta ba ta da barasa. A cikin cincin da zai shiga tafasasshen mai, mai arahar yana yin aikin da ake so.

Wanda na fi ƙauna yanzu shi ne ruwan furen lemu, irin wanda mutanen Aljeriya da Maroko suke sawa a kayan zaƙinsu. Ba shi da ƙarfi kamar arom, don haka babban cokali biyu nake sawa, in rage madara daidai da hakan don kada kwaɓin ya saki. A dubulan kuwa ba na sa shi a fulawa, sai a ruwan sukarin da ake tsomawa, bayan na sauke shi daga wuta ya ɗan huce.

A sallar bara na rage gyaɗar ƙamshin Inna zuwa rabi, na ƙara rabin cokalin vani da gogaggen ɓawon lemun tsami guda ɗaya, na bar man shanun yadda take awonsa. Na cika roba biyu na ba direban motar Tawa. Washegarin salla ta kira ni, bayan mun yi barka da shan ruwa ta ce, "Ɗiyata, faɗa mini awon ɓawon lemun nan, ƙanwarki tana kusa da biro a hannunta."