Tarihin Rayuwata, Kashi Na 7: Abin Da Likita Ta Gani A Fuskar 'Yata

A makon jiya na tsaya a ranar suna, lokacin da mata suka cika gidanmu na Daura suna karɓar jaririya hannu zuwa hannu. Abin da kowacce ta yaba shi ne girarta, wadda ta haɗe a tsakiya kamar an ja ta da kwalli, sai gashin idonta zara-zara da sumar da ta sauko har goshi. Gwaggona ta ce, "Wannan 'ya da kwalliyarta ta zo duniya." Ni kuwa ƙanƙantarta ce ta tsaya mini a rai, domin cikinta ya cika wata 9, ba bakwaini ba ce, amma da ƙyar ta kai kilo 2.

Kafin in gama wankan jego na gane cewa shan nono wahala ne a gare ta. Takan kama ta saki, kuma ɗan abin da ta sha yakan dawo, ba irin tumbuɗin da aka saba gani ba, domin sai ta gantsare baya tana kuka da wata murya ƙasa-ƙasa mai kauri. Aka ce tamowa ce, aka ce nonona ne ba shi da kyau, aka jiƙa mini saiwoyi na sha. Maganar nonon nan ta fi komai yi mini ciwo, kuma har yau ina ganin bai dace a riƙa faɗa wa mai jego ita ba.

Tana da wata 5 ma'aikaciyar awo ta ga nauyinta ya ƙi hawa a kati, ta tura mu Katsina wurin likitar yara. Likitar ta daɗe tana duban fuskarta kafin ta taɓa ta. Ta auna kanta ta ce ya yi ƙanƙanta, ta nuna mini gajeren hancinta mai ɗagaggen baki, da tsawon tazarar da ke tsakanin hanci da leɓe, da siririn leɓen sama, da gefen baki da ya karkata ƙasa. Ta buɗe tafin hannunta na ga yadda ƙaramin yatsa ya lanƙwasa ciki, sannan ta juya ta ta duba gashin da ke bayanta. Girar da aka yi ta yabo ranar suna ita ce alamar farko da ta rubuta.

Ta ce ana kiran lalurar Cornelia de Lange, sunan wata likitar yara 'yar ƙasar Holan wadda ta bayyana ta a 1933 bayan ta ga yara mata biyu masu kama ɗaya alhali ba su da dangantaka. Sauyi ne a ƙwayoyin halitta, galibi a wadda ake kira NIPBL, kuma yawanci a jikin yaron yake farawa, ba daga iyaye ake gadonsa ba. Na ce, "Likita, ke nan ba nonona ba ne?" Ta ce, "Ko kaɗan, Malama, tun tana ciki take da shi." A nan hawaye suka zubo mini.

Ta gargaɗe mu cewa tafiya da magana za su iya jinkiri, ta koya mini riƙe ta a tsaye bayan kowane shan nono, ta kuma rubuta mana hoton zuciya da gwajin ji, domin lalurar kan taɓa su. Sakamakon gwajin jin, da yadda muka sanar da surukata, su zan kawo mako mai zuwa in Allah ya kai mu.