Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Mai Tsiren Kan Kwana

A makon jiya na tsaya inda likita ya ce min, "Alhaji, sukarinka ya fara hawa, tumbin nan sai ya ragu." Da zafina na fito. Na daina tuwon dare, na yi sallama da lemon kwalba, cikin wata uku kilo takwas suka zube. 'Yan layinmu a Kantin Kwari har tsiya suke min, wai ko karayar arziki ce ta same ni.

Daga nan yunwa ta taso min, irin wadda ko da azumi ban santa ba. Ga kuma wani mai tsire a hanyata ta komawa gida, wajen Zoo Road. Ko a ƙoshe nake, da na sha kwanar nan hayaƙin ya shigo ta tagar mota, ƙamshin ƙuli da kitse yana ɗiga kan garwashi, sai in ji ƙafata ta taka burki. Na dubu biyu, a zuba yaji da albasa, a naɗe a takarda. A mota nake cinyewa, in goge baki kada uwargida ta gane. Ashe ta daɗe da ganewa, warin albasa ba ya ɓuya. Kafin babbar salla kilo shida sun dawo, ni kuwa kullum ina zagin kaina da kwaɗayi.

'Yar yayata mai karatun likita ce ta zaunar da ni wata Juma'a bayan an sauko. Ta ce, "Kawu, ka daina cewa ba ka da zuciya. Da ƙwaƙwalwarka kake kokawa."

Ta ce a can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki, haifotalamas, bai kai dabino girma ba, shi ke riƙe da lissafin yunwa da ƙoshi. Kitsen jiki yana aika masa wani sinadari, leftin, wanda Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano a Jami'ar Rockefeller ta Amurka a 1994. Ciki kuma yana aika nasa, girelin, mai tada yunwa, shi a Japan aka gano shi a 1999. Da kitse ya ragu sai leftin ya yi ƙasa, girelin ya hau, jiki kuma ya rage ƙona abin da aka ci. "Ita ƙwaƙwalwa ba ta san likita ne ya sa ka ba, Kawu. A ganinta fari aka shiga, dole ta ceto ka."

Na ce to, burkin fa? Ta yi dariya. Wai wannan aikin dofamin ne, sinadarin da ke sa rai ya biya. Idan mutum ya saba, tun daga ƙamshi da ganin wurin yake motsawa, kafin a kai loma baki. Rashin barci ma yana ƙara yunwa, ni kuwa ƙarfe ɗaya ta kan same ni ina duba Facebook.

Ban ji daɗin wannan bayani gaba ɗaya ba, domin na so a ce akwai ranar da faɗan zai ƙare. Amma na ɗauki abin da zan iya. Na canja hanya duk da zagaye ne. Na dawo da tuwona, malmala ɗaya, ina ci a hankali, tunda ta ce saƙon ƙoshi kan ɗauki kamar minti 20 kafin ya isa sama. Wayar kuma uwargida ke karɓewa ƙarfe goma.

Kwana goma sha biyu ban bi ta kwanar ba. Ran Laraba ina fitowa daga sallar Magariba a wani masallaci, sai na ji an dafa kafaɗata. Mai tsiren ne, ƙamshin hayaƙi a jikin rigarsa. Ya ce, "Alhaji, kwana biyu, ko laifi muka yi?"

Abin da na ce masa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.