Wata uku ina cirar ciyawa a gidan wasan Rumawa

Lokacin da aka ce kowa ya nemi inda zai yi staj, wato aikin koyon sana'a da ɗaliban zanen gini suke yi lokacin dogon hutu a Turkiyya, abokaina duk ofis mai sanyi suka nufa, ni kuma son ganin ƙwaƙwaf ya sa na kai sunana wajen wata malamarmu da take aiki a wani tsohon gidan wasan kwaikwayo na zamanin Rumawa a yankin Antaliya. Ba zan kama sunan wurin ba don akwai ɗan ƙorafi a gaba. A raina na ɗauka zan je in ga ana ɗaga ginshiƙai da inji ana mayar da gini sabo fil, har na gama tsara hoton da zan ɗora a Facebook da hular kwano a kaina. Ranar farko dattijon maginin da kowa ke kira usta ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo min safar hannu da bokiti da wani buroshi da bai fi na wanke baki girma ba, yace hau sama ka fara daga layin ƙarshe.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin kaman an raba ƙatuwar ƙwarya biyu ne an jingina rabin a jikin tudu, kujerun dutse layi-layi suna gangarowa har filin tsakiya. Girkawa su a jikin tsauni suke sassaƙa nasu, filin tsakiyar a zagaye, kaman na Efidaurus mai layi 55 da aka gina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Rumawa kuma sai suka ƙara doguwar katanga a bayan dandamali suka haɗe ta da kujerun, suka iya gina bakuna a ƙarƙashi ta yadda ko babu tudu ginin zai tsaya. Namu na Rumawa ne amma rabi ya jingina da tudu, katangar dandamalin kuma ta daɗe da zubewa, duwatsunta na nan jere a fili kaman an baza kaya a kasuwa.

A sati na farko na yi ɓarna. Akwai wani ɗan ɓaure da ya tsiro tsakanin kujeru biyu, tsuntsu ne ke cin 'ya'yan ya yi kashi a tsagar dutse shikenan sai ka ga itace, tsayinsa bai kai gwiwata ba, ni kuma ɗan gona ne, na sa hannu biyu na fizge shi da ƙarfina ina jin daɗi na yi aiki. Ai kuwa sai ya taho da dunƙulen tsohon kwaɓi kaman girman hannuna haɗe da ɓallin dutse a jikin saiwar. Usta bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi. Ya tako a hankali ya tsuguna ya tattara garin a tafin hannunsa yace yarona, wannan ƙasar ta yi shekara kusan 1,800 a nan, girgizar ƙasa bata fitar da ita ba sai kai. Wallahi ranar ko shayin ƙarfe goma ban iya sha ba. Daga baya ya nuna min yadda ake yi, a yanke itacen daga gindi da almakashi, a ɗura magani a kututturen da sirinji, a ƙyale shi makonni har saiwar ta bushe ta motse da kanta, sannan a zare abin da ya yarda ya fito, wanda ya ƙi a bar shi a toshe bakin ramin.

Bayan ciyawa sai ruwa. Antaliya da zafi ba ruwa, amma lokacin sanyi ana tafka shi kaman da bakin ƙwarya, kuma gini mai siffar mazurari duk abin da ya sauka tsakiya yake nufa. Su waɗanda suka gina sun san da haka, sun yi kwata ta dutse da ta zagaye filin ta fice ta ƙarƙashi, sai dai ta cika da laka da ledoji da ɓawon 'ya'yan fulawar nan da Turkawa ke ɓarzawa ko'ina. Sati biyu cur muna kwasa da cokalin magini, kuma ba zubarwa ake yi kai tsaye ba sai an tankaɗe, don a ciki aka tsinci ɓallin fitilar yumɓu. Ni da na zo karatun zanen gini ƙasar waje ga ni a kwata, da mahaifiyata ta kira bidiyo sai nace mata network ne ba kyau.

Amma abin da yafi cin lokacinmu siminti ne. Wasu da suka yi gyara shekaru da dama baya sun bi tsagogin sun cike da siminti, da kyakkyawar niyya kam, lokacin haka ake yi ko'ina. Matsalar shine siminti ya fi dutsen tauri, baya barin danshi ya fita, ga gishiri da yake saki, toh sai ruwan da ya shiga ya rasa hanya ya koma yana cin dutsen ta gefe, ka ga simintin na nan daram amma dutsen da aka zo ceta yana ɓarewa kaman albasa. Ina ganin haka na tuna gidajen ƙasa na cikin birni a gida da ake wa yaɓen siminti, bayan damina biyu uku ya kumbura ya faɗo da rabin katangar. Da ƙaramar kurfi da guduma muke cire shi kaɗan-kaɗan, wuni guda da ƙyar ka yi taku biyu, a maye gurbin da kwaɓin farar ƙasa da yashi da garin jan bulo. Na tambayi usta me ya sa muke sa abin da bai kai wancan ƙarfi ba, yace ai so ake kwaɓin ya riga dutsen mutuwa, kwaɓi ana sake wani. Ƙarfe ma haka, mutanen da in sun ɗaure duwatsu da ƙarfe sai su narka dalma su lulluɓe shi kada ya yi tsatsa, masu gyaran tsoffin gine-ginen Akrofolis na birnin Atina a Girka a farkon ƙarni na 20 basu kula da wannan sosai ba, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga duwatsun, tun 1975 ake ta fama ana cirewa ana sa titaniyom, wani ƙarfe da baya tsatsa.

Inda muka ɗan yi musu da malamata kuwa akan wani dutse ne. Kowane dutse da ke zube yana da lamba da hoto da zane ta kowace fuska, ni aka ba zanen guda ashirin da wani abu, sai na ga ɗaya da na rantse na gurbin da ke layi na bakwai ne, na auna da tef ya shiga cif. Nace hojam, haka ake kiran malami a can, ga shi nan mu mayar mana. Tace ramin ƙarfen da ke ƙasansa ya yi daidai da na maƙwabcinsa? Na koma na duba, akwai bambancin da bai kai yatsa biyu ba. Tace toh a nan zai zauna. Ta tuna min ƙa'idar da masana suka amince da ita a birnin Benis a 1964, cewa gyara yana tsayawa ne daga inda aka fara zato, kuma in dole sai an sa sabon dutse to ya dace da tsohon amma mai kallo ya iya bambancewa. Har yau ina jin dutsen nan na wurin ne fa, amma dai yana ƙasa da lambarsa.

Wannan maganar ta bambancewa ita ce na je na gani da idona a wani gidan wasan Rumawan da ke Asfendos wata Lahadi. Shi an gina shi zamanin sarkin Rumawa Markus Oreliyas, tsakanin 161 da 180, maginin sunansa Zenon, kuma katangar dandamalinsa na tsaye har sama saboda Turkawan da ake kira Saljukawa sun mayar da shi wurin zama a ƙarni na 13 suna kula da shi. A 2015 an yi ta cece-kuce a Turkiyya da aka cike gurbin kujeru da farin dutse tas, mutane suna cewa kaman mabul ɗin kicin, masu aikin kuma suka ce da sannu zai dafe ya saje. Ni a nawa ganin an bi ƙa'idar amma hannu ya yi nauyi, sabon yana riga tsohon shiga ido.

Sai ƙorafin. Ana saura sati biyu in gama aka ba wasu masu shirya casu izinin yin waƙa a wurin da muke aiki. Ni ba na cikin masu cewa a kulle kada kowa ya shiga, don taruwa aka gina shi, kuɗin tikiti ne ke biyan masu gadi, kuma Asfendos ɗin ma amfani da shi ne ya raya shi, har yanzu tun 1994 ana bikin opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, a ciki. Amma akwai yadda ake yi. An rubuta musu a takarda a shimfiɗa katako da roba kafin a dasa komai, kada sifika ta wuce ƙarar da aka yanka, kada mutane su wuce layin da aka ɗaure da igiya. Girka ma tun 2009 ta hana shiga irin wuraren nan da takalmi mai tsini. Yaran kamfanin suka iso da daddare suna sauri, suka ja ƙafar ƙarfen fitila akan dutse tsirara, da safe na tarar gefen wata kujera da ni na zana ta da hannuna ya ɓalle kaman faɗin yatsa uku, ɓallin ma an share an zubar. Muka bi shara da tankaɗe muka samo biyu cikin uku. Sauran kwanakin a cire cingam suka ƙare, da ɗan katako ake kankarewa don wuƙa tana barin zane.

Ranar da zan tafi usta ya kai ni wajen ramin ɓauren da na fizge, ya nuna min inda ya toshe, sai da na tsuguna sosai kafin na gane wurin. Watan jiya ya turo min hoto a WhatsApp ba rubutu ko ɗaya, ganye biyu ne kore shar sun leƙo ta tsagar da ke gefensa.