Digiri na biyu a kan zanen yadi

Da na faɗa wa Baba zan koma Zariya in yi digiri na biyu a sashen zane-zanen masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello, sai ya ce, "Yanzu rini ma sai an je jami'a?"

Ana zuwa kuwa. Ni ina ɓangaren yadi, wasu na tukwane. Bincikena a kan aikin babbar riga yake, musamman aska takwas da dagi. Har yau ina mamakin yadda tsofaffin maɗinkan Katsina ke jera su daidai da ido kawai. Ni sai na zana a kwamfuta, na daidaita launi, sannan in gwada a shuni. In na zo hutu, a rumfarsu nake wuni ina tambaya.